Yaya Ake Sanin Yara Nawa Suka Sami Bitamin A a Jihar Bauchi?

Su wa ake ƙirgawa?

Yara daga wata 6 zuwa wata 59. Ana ba su sau biyu a shekara, galibi a Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara: shuɗiyar ƙwaya ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga waɗanda suka haura shekara. A yanke bakinta, a matsa wa yaro a baki. Tana kare shi daga dundumi, tana kuma rage tsananin ƙyanda da gudawa.

Daga ina alƙaluman suke fitowa?

Hanya biyu ce. Ta farko, ma'aikaciyar lafiya tana ja layi a takarda duk yaron da ta ba, a tattara daga ƙananan hukumomi 20, a raba da adadin yaran da ake zaton akwai. Ta biyu, masu bincike su bi gida-gida, kamar yadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take yi, su nuna wa uwa ƙwayar su ce, "Baiwar Allah, an ba yaron nan irin wannan cikin wata shida da suka wuce?"

Me ya sa wani lokaci ake jin fiye da kashi 100?

Nan gizo ke saƙar. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka adadin yaran kintace ne. Idan mutane sun ƙaru a gari irin Azare, ko makiyaya sun sauka a gefen Ningi, waɗanda aka ba sai su zarce waɗanda aka kintata. Takarda ta yi kyau, alhali wata ruga ko ƙafar ma'aikaci ba ta gani ba. Ni dai na fi yarda da binciken gida-gida, ko da yake shi ma uwa kan ɗauki ɗigon foliyo a matsayin bitamin, musamman idan ba a rubuta a katin yaro ba.

Mata masu ciki fa?

Su maganin ƙarin jini ake tambaya, wanda ake bayarwa wajen awo. Karɓa daban, sha daban, domin wasu tashin zuciya kan sa su ajiye shi. Shi ya sa mai bincike ke tambayar kwana nawa ta sha, ya duba ko sun kai 90.