Bazara da dabbobin da muka ɗaure a gida

Daga tsakiyar Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, ba abin mamaki ba ne a ga zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri, Nguru, Yola ko Yamai. A watan Afrilun 2010 an auna digiri 46.4 a Yola, a Afrilun 2024 kuma garin Kayes na ƙasar Mali ya ga 48.5. Duk shekara hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da gargaɗi: a sha ruwa, a nemi inuwa, a kula da yara da tsofaffi. Gargaɗin na mutane ne. Mu da ke aikin lafiyar dabbobi muna da namu kason da za mu ƙara, domin a waɗannan watannin ne ake kawo mana karnuka da zomaye da tsuntsaye da safe suna lafiya, kafin la'asar sun sheme.

Abin da nake so maigida da uwargida su fara ganewa shi ne, dabbar da ke sake ba kasafai zafi ke kashe ta ba. Ku dubi karen unguwa da tsakar rana: ya tona rami a gindin darbejiya ko kusa da magudanar ruwa, ya shimfiɗa cikinsa a kan danshi, ba zai motsa ba sai rana ta yi sanyi. Kyanwa ta san gindin randa da ƙarƙashin gado. Wanda ke mutuwa shi ne wanda muka ɗaure da sarƙa, ko muka kulle a keji, ko muka rufe a shago muka tafi da makulli. Ya san abin da zai yi, mu ne muka hana shi. Daga ranar da ka sa wa dabba igiya, inuwarta da ruwanta sun koma wuyanka.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa ba na mugunta ba ne. Mutum zai ɗaure karensa da ƙarfe 7 na safe a jikin katanga, wuri mai inuwa lullumi, ya ajiye masa ruwa, ya fita nema da zuciya ɗaya. Ya manta inuwa tafiya take yi. Kafin azahar ta tsallaka ɗaya gefen katangar, kare ya rage a tsakiyar rana a kan daɓen siminti, ya yi ta zagaye har sarƙa ta naɗe, ta kifar da kwanon ruwan. Saboda haka kafin ka zaɓi wurin ɗaure kare, je ka dubi wurin da ƙarfe 1 da kuma ƙarfe 3 na rana. In a lokutan nan biyu akwai inuwa, wurin ya yi.

Dalilin da ya sa abin ke saurin kai su ƙasa yana cikin halittarsu. Mu mutane gumi muke yi a duk jiki, iska ta busar da shi, jiki ya huce, kamar yadda randa ke tsattsafo da ruwa ta sanyaya na cikinta. Kare ba shi da wannan sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Dabararsa ita ce haki: ya zaro harshe, iska ta riƙa shiga da fita da sauri tana busar da danshin baki da maƙogwaro. Zafin jikin lafiyayyen kare tsakanin digiri 38 ne da 39 da 'yan ɗigo. In ya haura 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da hanji sun fara lalacewa, jini ma yakan daina daskarewa yadda ya kamata. Tazarar ba ta da yawa. Kuma haki yana aiki ne sosai in iska busasshiya ce. Shi ya sa kwanakin ƙarshen Afrilu da Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa, gari ya yi gumi ba iska, sun fi haɗari ko da ma'auni bai kai na makon da ya wuce ba.

Sai maganar keji. Yawancin kejin da masu walda ke ƙerawa ƙarfe ne sama da ƙasa, da rufin kwano guntu, sau da yawa kuma a bayan gida ake ajiye shi kusa da janareta, inda zafin inji da hayaƙi ke ƙaruwa a kan na rana. A ganina irin wannan kejin bai cancanci a sa rai a cikinsa da rana ba a bazara. In babu yadda za a yi, a ɗora zana ko ciyawa a kan kwanon, a bar 'yar tazara tsakaninsu don iska ta ratsa, a buɗe gefe biyu, a shimfiɗa katako ko a zuba yashi a riƙa yayyafa masa ruwa. Mafi sauƙi dai a mayar da kejin gindin bishiya.

Ruwa kuma a ba shi a abin da ba ya kifewa. Kasko mai nauyi ko kwano da aka binne gindinsa a ƙasa ya fi roba mara nauyi, kuma kasko yana riƙe sanyi, kwanon silba a rana kuwa dafa ruwan yake yi. Kare mai kilo 20 yana shan lita 1 ko fiye a rana ta yau da kullum, a bazara yana iya ninka haka. A ajiye mazubi biyu, a canza ruwan safe da rana da yamma, a wanke gansakuka, don kada a yi kiwon sauro a tsakar gida. Abinci a ba shi da sassafe ko bayan magariba, abin da ya rage a kwashe, domin tuwo da miya da romon nama ba sa jimawa a wannan zafin. In azumi ya faɗo kusa da bazara ko cikinta, mutanen gida kan kwanta da rana a gajiye, ba mai tunawa da kwanon kare. To shi ba ya azumi. A ɗora wa yaro ɗaya takamaimai wannan aikin, domin in an ce na kowa ne ba mai yi.

Karnukan waje da ake yayi yanzu a Kano da Kaduna da Abuja sun fi na gida shiga haɗari. Wanda ake kira Kokeshiyan asalinsa daga duwatsun Kokesas ne, wajen Jojiya da Armeniya, inda dusar ƙanƙara ke zuba, gashinsa ninki biyu ne. Haski daga Saiberiya ya fito. Masu gajeren hanci irin su buldog, da kyanwar Farisa mai shafaffiyar fuska, hanyar numfashinsu ƙuntatacciya ce, haki ba ya yi musu aiki sosai. Haka mai ƙiba, da tsoho, da ɗan kwikwiyo, da mai ciki. Wanda ya sayi irin waɗannan da kuɗi masu yawa ya sani cewa ɗaki mai fanka da daɓe mai sanyi yana cikin kuɗin kiwonsu. Kada kuma a aske su ƙwal da sunan taimako: gashin yana kare fata daga ƙunar rana. A riƙa taje shi dai ana cire wanda ya mutu.

Wani bincike da Kwalejin Likitan Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta shiga ciki, wanda aka wallafa a 2020, ya gano cewa kusan kashi 74 cikin 100 na karnukan da zafi ya buge a Birtaniya, motsa jiki ne sanadi, wato yawo da guje-guje. A ƙasa mai sanyi ke nan. Wannan ya shafi samarin da ke jan kare yawo a kan kwalta da rana, ya kuma shafi mafarauta, tunda lokacin farauta da rani yake. Kare ba ya cewa ya gaji, zai bi ubangidansa har ya faɗi. Yawo a yi shi bayan asuba ko bayan faɗuwar rana. Kafin a fita, ɗora bayan hannunka a kan kwalta ko yashi ka ƙirga 5 a hankali. In ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa saɓulewa zai yi. Mafarauta kuma su rage cunkusa karnuka a bayan mota, su ɗauki jarkar ruwa ta karnuka daban. Mota a tsaye da gilashi a rufe kuwa ba a barin dabba a ciki ko na minti 10 ne, ko an ɗan sauke gilashin.

Alamomin farko su ne haki mai tsanani da ba ya tsayawa ko an shiga inuwa, harshe da dasashi su yi ja wur, yawu mai kauri yana dalala. Daga nan sai tangaɗi, amai, zawo wani lokaci da jini, sai faɗuwa da jijjiga. A nan akwai wurin da nake so a natsu. Dalalar yawu da tangaɗi su ne kuma abin da mutane suka sani na haukan kare, don haka ana yin kuskure ta fuska biyu: wasu su rufe karen da zafi ya buge da duka, wasu kuma su sa hannu a bakin karen da ke ɗauke da cutar hauka. Karenka da ka sani, wanda aka yi wa allurar rigakafi, ya ci abincinsa lafiya da safe, ka same shi a rana yana haki jikinsa zafi rau, wannan zafi ne ya fi kusa. Wanda ya yi kwanaki halinsa ya canza, yana cizon sarƙa da itace, muryarsa ta sauya, ko baƙon kare da ba a san mai shi ba, kada a taɓa shi, a nisanta yara, a kira ma'aikacin dabbobi. In ya ciji wani ko yawunsa ya taɓa rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafin nan ta shekara-shekara, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Filato ma tana sarrafawa, ita ce ke ba ka ƙarfin halin taimakon karenka a irin wannan rana.

In ka tabbata zafi ne, sanyaya shi tukuna sannan ka nemi abin hawa. Kwance shi, kai shi inuwa, ka riƙa kwarara masa ruwa a jiki, musamman ciki, hammata, matsematsi da wuya, ana yi masa fifita ko a kunna fanka. Ruwan randa ko na rijiya ya yi. Hattara da ruwan tankin sama: da rana yakan fito da zafin da zai ƙara masa azaba, a taɓa da hannu kafin a zuba. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul ko buhu, yana tsare zafin a jiki. In yana cikin hayyacinsa a ajiye masa ruwa ya sha kaɗan-kaɗan da kansa. In ya suma kada a ɗura masa komai, zai shiga huhu. Manja da madara da ake ɗurawa da zaton guba ya ci ba sa maganin zafi. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, ibufurofen yana ɓata ƙoda da cikin kare, kuma wannan zafin ba zazzaɓi ba ne da ƙwaya za ta saukar. Ko ya miƙe ya kaɗa wutsiya a kai shi asibitin dabbobi, domin lalacewar ƙoda takan bayyana bayan kwana 1 ko 2. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma na gwamnatin jiha a manyan garuruwa.

Kyanwa ta fi kare jure zafi, matsalarta kullewa ce. 'Yan kasuwa kan rufe ta a shago ko sito don ɓeraye, a wuce Juma'a ko hutun sallah ba ruwa, ƙarƙashin rufin kwano. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, kowa ya san shi tun yana makarantar allo, ga shi kuma ana aikata irinsa ba tare da an lura ba. A bar mata ruwa da kafar fita. Kyanwa ba ta haki a banza: in ka ga ta buɗe baki tana numfashi, abin ya yi nisa.

Zomo ya fi kowa rauni. Da kunnuwansa yake fitar da zafi, kuma da zarar gari ya wuce digiri 30 ya fara wahala, namijin ma yakan daina ba da ciki na ɗan lokaci. A rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefen da iska ke shigowa, a shafa masa ruwa a kunne, in akwai wuta a sa gorar ruwa mai ƙanƙara a kejin ya jingina. Ba a tsoma zomo cikin ruwa. Tantabaru da aku da kanari a sauke kejinsu daga jikin bangon da rana ke duka da yamma, a rage cunkoso, a ajiye musu faffaɗan kasko mara zurfi su yi wanka da kansu. Tsuntsun da ya buɗe baki ya saki fukafukai yana neman agaji ne, a yayyafa masa ruwa sama-sama a kai shi inda iska ke kaɗawa. Tukunyar tantabaru da ke kan soro ko jikin kwano ita ma a yi mata rumfa, domin 'ya'yan da ba su yi gashi ba ba su da inda za su gudu.