Adireshin intanet: suna ne ko wuri?

A tsarin intanet, mene ne bambancin shaidar na'ura da manunin wurinta?

Shaida tana faɗin wace na'ura ce, kuma ba ta canzawa duk inda na'urar ta je. Manuni yana faɗin inda take maƙale a rezo a halin yanzu, shi na'urorin raba hanya ke dubawa kafin su tura saƙo gaba. Ɗan kasuwar da ya tashi daga Maraɗi ya bi ta Ɗan Issa zuwa Katsina sunansa na nan, amma mai nemansa sai ya san masaukinsa. Tun 1978 masanin kwamfuta John Shoch ya rarrabe suna da adireshi da hanya.

To adireshin IP fa, wato lambar da ake bai wa na'ura a intanet, wanne ne a ciki?

Duka biyun, nan kuwa gizo ke saƙa. Adireshin IPv4, tsarin IP na 1981 mai tsawon bit 32 (bit shi ne 0 ko 1), yana nuna wuri, kuma da shi ake ɗaure haɗin TCP, wato ƙa'idar da ke riƙe haɗi tsakanin na'urori biyu. Ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya bar wifi ya koma rezon wayarsa, adireshi ya canza, haɗin ya yanke, alhali wayar ita ce dai a hannunsa.

Akwai wata illar da ta fi wannan. Ma'aikatar da ba ta son lambobinta su canza in ta sauya kamfanin sadarwa takan nemi nata na kanta daga AFRINIC, hukumar raba adireshin IP a Afirka. Kowace irin wannan tana ƙara layi a teburin BGP, wato jerin hanyoyin intanet da manyan na'urorin raba hanya na duniya ke riƙewa. Taron da IAB, kwamitin da ke kula da tsarin intanet, ya yi a Amsterdam a 2006 ya ja kunne a kai, kuma a Agustan 2014, da teburin ya haura layi 512,000, tsofaffin na'urori da dama sun kasa.

IPv6, magajin IPv4, ya magance?

A'a. Ya faɗaɗa adireshi zuwa bit 128, aikin biyu dai yake yi.

Wace mafita aka kawo?

An fito da tsare-tsare da dama don raba aikin biyu. HIP ya mai da shaida mabuɗin da ake tantance na'ura da shi (public key). LISP, da aka wallafa a 2013, ya ware lambar na'ura da lambar wuri, ya sa taswira tsakaninsu. ILNP ya raba adireshin IPv6 gida biyu, 64 na wuri, 64 na shaida. Babu wanda ya game duniya.

A ganina QUIC na 2021, wata ƙa'idar haɗi da ke iya yin aikin TCP, ya fi amfanarmu, mu da yawancinmu ta waya muke shiga intanet. Bai taɓa tsarin hanya ba, ya bai wa kowane haɗi lambarsa, ta yadda zai iya ɗorewa ko adireshi ya canza. Sai dai nauyin teburin BGP bai rage shi ba.