Tausaya wa kai: ragwanci ne ko haƙƙi?

Sanin darajar kai ba shi ne girman kai ba?

A'a. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya bayyana girman kai da ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Wanda ya san darajar kansa kuwa ba ya buƙatar taka kowa kafin ya ji shi ma mutum ne. A Suratul Isra'i, aya ta 70, Allah ya ce ya karrama 'yan Adam, kuma wannan karramawar ba ta zo da sharaɗin digiri, ko shago a Kantin Kwari, ko aure ba.

To daga ina raina kai yake tasowa?

Sau da yawa daga gida, daga bakin waɗanda suke ƙaunarmu. Yaro ya kawo sakamakon jarrabawa, a ce masa "daƙiƙi, dubi ɗan maƙwabta." Ana ganin zaburarwa ce, amma maganar takan zauna masa a rai har ya girma ya ci gaba da faɗa wa kansa ita ba tare da kowa ya sa shi ba. Sai kuma gori. Bazawarar da ta dawo gidan iyayenta tana jin ana ƙus-ƙus a wurin biki. Matashin da ya gama Jami'ar Bayero, aiki bai samu ba, yana jan adaidaita sahu, in ya hango abokin karatunsa a danja sai ya kawar da kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sana'arsa halal ce, da ita yake ciyar da mahaifiyarsa, amma an koya masa jin kunyarta.

Idan na riƙa yi wa kaina uzuri, ba zan lalace ba?

Tausaya wa kai ba musanta laifi ba ne. Kristin Neff, malama a Jami'ar Texas da ke Amurka, ta yi fice a binciken wannan fanni tun 2003, kuma ta kasa shi uku: ka sassauta wa kanka harshe, ka tuna cewa kuskure da wahala ba kanka farau ba, sannan ka kalli damuwarka daidai girmanta, kada ka binne ta, kada kuma ka zuzuta ta.

Ɗauki ɗan kasuwar da jarinsa ya karye a Ƙofar Wambai saboda bashin da ya bayar barkatai. In ya kwana yana cewa "ni ba ni da amfani," ko littafin bashin ba zai iya buɗewa ba. In kuwa ya yi wa kansa maganar da zai yi wa ƙaninsa, "ka yi ganganci, amma tashi mu duba lissafi," gobe da safe zai iya fita neman kuɗinsa. Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i cewa ransa ma yana da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Ina batun haƙuri da aka hore mu da shi?

Yana nan daram. Sai dai mai haƙuri yana iya yin kuka, yana iya gaya wa aminiyarsa ko aminin da ya yarda da shi abin da ke damunsa. Shanye abu shekara da shekaru har barci ya ƙaurace ba shi addini ya nema ba.

Yaushe abin ya fi ƙarfin nasiha?

Idan baƙin ciki ya kai mako biyu kusan kullum, abinci ya fita a rai, barci ya rikice, abin da mutum yake so a da ya daina burge shi, a je a ga likita. In har tunanin kashe kai ya shigo, a tafi a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ba ya hana addu'a. Tun Janairun 2023 Najeriya take da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta hana a nuna wa masu wannan lalura wariya.