Irin fure ba lallai ya gaji uwarsa ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk furen da ka ɗebi irinsa, shi zai fito baɗi da launinsa da girmansa. Ba kullum ba. Ƙudan zuma na kwasar garin fure daga wannan shuka zuwa waccan, sai jan fure ya haifi ruwan hoda.

Irin da aka yi wa aure, wato aka haɗa iri biyu daban aka samar da shi, mai alamar F1 a jikin fakiti, ya fi saɓawa: 'ya'yansa kan rarrabu, kamar yadda masanin kimiyya Gregor Mendel ya nuna da waken fis a 1865. Abin takaici ne mutum ya zargi ƙasa ko taki, alhali gado ne.

In kana son launi ya tsaya, ɗebi daga irin da ba a aura ba, wanda ya yi nesa da danginsa, bayan kan furen ya bushe ƙayau.