Farar Riga Ba Lasisi Ba Ce: Kira Ga Iyayen Da Ke Kai Yara Makarantun Lafiya

Assalamu alaikum iyayena da ƙannena. Lokacin sayar da fom na makarantun kiwon lafiya ya sake zagayowa. Sanarwa ta cika rediyo da Facebook da WhatsApp, kuma na san yanzu haka akwai uban da ya kai maraƙinsa kara, akwai uwar da ta roƙi a ba ta ɗaukar farko a adashi, duk don a sa yarinya ko yaro a makarantar lafiya. Allah ya saka muku da alheri, domin muna buƙatarsu. Duk wanda ya taɓa kwana da mara lafiya a asibitin ƙauye ya san ma'aikata sun yi mana kaɗan, balle mata. Amma akwai abu ɗaya da kuke yi wanda ya kai ni bango, shi ne biyan kuɗi kafin bincike.

Ni jami'ar lafiyar al'umma ce, a cibiyar lafiya matakin farko nake aiki. Duk sanda aka ji ƙishin-ƙishin za a ɗauki ma'aikata, sai ga yara nan sun zo da fayil a hammata, wai in duba musu takardu. In buɗe, in ga satifiket mai ƙyalli da jan hatimi, an liƙe shi da leda, ga hoton bikin yaye ɗalibai har da hula mai tuntu. In ce, ƙanwata, ina lambar rajistarki ta hukuma? Shiru. Kin zauna jarrabawar ƙasa? "An ce mana sai an gama shirye-shirye, Anti." Yaushe kuka gama? Bara waccan. Daga nan sai ta fara goge ido da bakin hijabi, domin ita ma ta daɗe tana zargin haka, ta rasa wanda zai faɗa mata ne kawai. Shekara uku ta tafi, kuɗin gona ya tafi, takardar kuwa ko ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma ba za ta wuce ba. Kuma idan na bi diddigi, amsar ɗaya ce kullum: Baba ya ji talla, ya ga gini da fenti da ɗalibai cikin farar riga, ya biya.

Haba iyaye! Idan saurayi ya fito neman wannan yarinyar, har garinsu kuke tura mutum a binciko asalinsa da sana'arsa da wanda yake zama da su. Amma makarantar da za ta cinye shekara uku na rayuwarta da dubban ɗaruruwan nairori, tambaya ɗaya ba ku yi.

Ga yadda abin yake. A Najeriya kowane fanni na aikin lafiya yana da hukumar da ke riƙe da shi. Masu karatun CHEW da JCHEW, wato ma'aikatan lafiyar al'umma irina, hukumarsu ita ce CHPRBN, wadda aka kafa da doka a 1992. Ita ke amincewa da makaranta, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, ita ke ba kowane ɗalibi lamba tun yana shekarar farko, abin da ɗalibai ke kira indeksin, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi. CHEW shekara 3 ne, JCHEW, wato matakin da ke ƙasa da shi, shekara 2. Nas da ungozoma hukumarsu daban, NMCN. Masu karatun haɗa magani suna ƙarƙashin PCN, masu gwajin jini da fitsari suna ƙarƙashin MLSCN. Idan kuma makaranta ta ce tana ba da ND ko HND, sai da amincewar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha wadda hedkwatarta ke Kaduna, kuma ta hanyar JAMB ake shiga ND. Takardar rajistar kamfani da mai makaranta ya maƙala a bangon ofis ba ita ake nufi ba. Hoton da ya ɗauka da wani babba ranar buɗe makaranta ba shi ake nufi ba.

Kuma ku lura da kyau, amincewar nan kwas-kwas ake yin ta. Makaranta za ta iya samun izinin koyar da CHEW, sai ta fake da wannan ta buɗe ajin ungozoma, ajin haɗa magani, ajin haƙori, duk babu izini. Ko kuma a ba ta adadi, ta ninka shi don kwaɗayin kuɗin makaranta. Waɗanda suka shiga cikin adadin su sami lamba, sauran a yi ta ja musu rai, ana cewa za a sa su a rukuni na gaba. Wanda ba shi da lamba ba zai zauna jarrabawar hukuma ba, ko da shi ne na ɗaya a aji. Saboda haka tambayar ba ta tsaya a "makarantar nan tana da rajista?" ba. Kowa zai ce maka e. Tambayar ita ce: wannan kwas ɗin da ɗana zai yi, wace hukuma ce ta amince da shi, ɗalibai nawa aka ba ku, nawa kuka ɗauka?

Ba ni kaɗai nake wannan kuka ba. A 2022 gwamnatin Jihar Kano ta rufe makarantun koyar da aikin lafiya masu zaman kansu sama da 20 saboda ba su da izini. Kowace daga cikinsu tana da ɗalibai, kowane ɗalibi yana da wanda ya biya masa. Ban ce duk makarantar kuɗi ta bogi ce ba, akwai nagari masu cikakken izini. Ga kuma na gwamnati da muka daɗe da sani: Makarfi a Kaduna, Kankiya da Daura a Katsina, Jahun a Jigawa, Ningi a Bauci, Gwadabawa a Sakkwato, Tsafe a Zamfara, Jega a Kebbi, Kaltungo a Gombe, Nguru a Yobe, da na Kano da Bebeji. Shigarsu da wuya, na sani, gurbi kaɗan masu nema tuli. To wahalar shigar ce ke tura ku wurin mai cewa "kawo kuɗi kawai." Araha dai ba ta ado.

Wani abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar kiredit. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Duk makarantar da ta ce maka babu Kimistiri ba komai, a kawo shi daga baya, ko ta ce ɗan ajin adabi ma ya zo, tashi ka kama hanya. Ta riga ta gaya maka ko ita wace ce. Ku kuma iyayen da ke kai yara cibiyar da ake rubuta musu amsa a allo don kiredit ɗin ya fito, ku ji tsoron Allah. Ɗalibai suna zuwa mana koyon aiki. In ce wa yaro, ga jinjiri mai kilo 12, ana ba da farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, ruwan maganin kuma miligiram 120 ne a mililita 5, nawa za ka ba shi? Amsar mililita 7 da rabi ce. Sai ya tsaya yana kallon silin, alhali takardarsa ta ce ya ci Lissafi. Wannan yaron gobe shi kaɗai za a bari a asibitin ƙauye da dare, babu wanda zai tambaya. Gara ya sake zama ya rubuta jarrabawar da kansa, ko shekara ɗaya ce ta tafi.

Sai hanya ta biyu, wadda ta fi muni. A kai yaro kemis ɗin unguwa ko wani ƙaramin asibitin kuɗi, a biya kuɗin koyo, ya yi wata shida yana wanke kwano yana kallon yadda ake huda jijiya, a ɗinka masa farar riga, a ce ya zama nas ɗin ogzilari, wai mai taimaka wa nas. Hukumar nas-nas ba ta san wannan sunan ba, ba ta ba shi lasisi. Amma kafin ka ankara unguwa ta fara kiransa likita, shi ma ya amsa. Mu ne muke karɓar abin da ya biyo baya. Yaro ɗan shekara uku da aka yi wa allura a ɗuwawu ba a inda ya dace ba, yanzu yana jan ƙafa. Wurin allura ya kumbura ya yi ruwa sai an tsaga. Tsohuwa mai hawan jini da ciwon zuciya an ɗaura mata ƙarin ruwa leda uku a ɗaki, wai don ta ji ƙarfi, an kawo ta numfashi na sama-sama. Mai naƙuda an danna mata allurar ƙara naƙuda a gida, ta iso mana jini na zuba, mu ma sai dai mu nemi mota zuwa babban asibiti muna addu'a. Kuma wanda ya yi aikin ba mugu ba ne, yaron kirki ne mai son taimako. Wanda ya ɗauke shi ya kai shi kemis maimakon makaranta, shi zan fara tambaya.

Ku kuma ƙannena da Allah ya sa kuka sami gurbi a makarantar gaskiya, ina taya ku murna, amma ku saurare ni. Aikin nan a ɗakin awo da ɗakin rigakafi ake koyonsa. Ina ganin masu zuwa ranar farko su ɗauki hoto da abin awon ƙirji a wuya, su ɓace, sai ranar ƙarshe su dawo da littafin koyon aiki a sa musu hannu. Ni ba na sawa, kuma kada a turo mini kowa roƙo. Ku zo ku auna hawan jini har kunnenku ya saba, ku koyi shafa ciki, ku koyi auna damtsen yaro mai tamowa, ku san yadda ake riƙe sanyin allurar rigakafi daga firji har ƙauye, ku iya cike rajista, domin rahoton wata-wata yanzu a kwamfuta yake ƙarewa. Littafin ƙa'idojin aiki da ake ba mu, wanda ya faɗi abin da za ka yi wa kowane ciwo da lokacin da za ka tura gaba, ku haddace shi kamar karatun allo. Ma'aikacin da ya san iyakarsa ya rubuta takardar turawa da wuri ya fi mini wanda ya iya sa ruwa a jijiyar jariri.

Kuma kada kowa ya yi muku alƙawarin aiki. Da yawa daga cikinmu sun yi shekaru suna aikin sa-kai kafin sunansu ya shiga takardar albashi. Amma mai lasisi yana da ƙofofi: hukumar lafiya matakin farko ta jiha, ƙungiyoyin agaji, asibitocin kuɗi masu rajista. JCHEW zai iya komawa ya zama CHEW, CHEW ya yi aiki ya tafi asibitin koyarwa irin na Zariya ko Kano ya zama CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, matakin da ke sama da CHEW. Abin da ba zai yiwu ba shi ne CHEW ta rikiɗe ta zama takardar nas ko ta likita. Mai son waɗannan ya nemi makarantarsu tun farko, kada a ruɗe shi da "ai duk ɗaya ne."

To kafin ku biya ko sisi:

- Ku je makarantar da ƙafarku, ku ce a nuna muku takardar amincewar hukumar wannan kwas ɗin, ku duba shekarar da ke jiki.
- Ku duba sunan makarantar a shafin intanet na hukumar, ko ku tambaya a ma'aikatar lafiya ta jiha.
- Ku ja ɗalibin aji uku gefe ku tambaye shi ko yana da lambar indeksin.
- Ku nemi wanda ya gama can, ku ga lasisinsa da idonku.
- Ku tambayi asibitin da suke zuwa koyon aiki.
- Kuɗi ta banki, da sunan makaranta, a riƙe rasit.

Idan aka fara kame-kame, ko aka ce "muna kan hanya, izinin ya kusa fitowa," ku riƙe kuɗinku har ya fito.

Wanda kuma ya riga ya biya, yaronsa na ciki, kuma yanzu gabansa ya faɗi da ya karanta wannan, kada ya ce bari dai ya ƙarasa tunda an fara. Ƙarasawar ce asara ta biyu. Gobe ka je ofishin makarantar, Baba, ka nemi lambar ɗanka a rubuce. Idan an shiga shekara ta biyu babu ita, ka tattara rasit ɗinka ka kai ƙara ma'aikatar lafiya ta jiharku, a Kano akwai hukumar PHIMA mai sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu. Sannan ka sayi fom ɗin makarantar da ke da izini tun ba a rufe na bana ba, ko da daga aji ɗaya zai sake farawa.