Daga Napster zuwa katin waya: yadda waƙa ta daina sayuwa a Tawa

A bakin kasuwar Tawa akwai wata rumfa da na sani tun ina ɗan makaranta. Da can kaset ne jere har rufi, na Ɗan Gurmu, na Shata, na wa'azi. Yau kwamfuta ɗaya ce a bisa tebur da wayoyin caji a sarƙe. Yaro zai miƙo katin wayarsa ya ce, "Baba, a zuba mini sababbi." Kafin shayin mai rumfa ya huce an tura masa waƙoƙi ɗaruruwa, ya ajiye 'yan canji ya tafi. Ko dala ba ta isa hannun waɗanda suka rera su.

Asalin abin daga nesa yake. A farkon shekarun 1990 masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka fito da MP3, dabarar matse sauti har waƙa ta zama ƙaramin fayil. A 1999 wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, tare da Sean Parker, suka buɗe Napster, inda kowa ke ɗaukar waƙa daga kwamfutar wani kyauta. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta RIAA ta kai ƙara a ƙarshen shekarar, mawaƙan Metallica suka bi sahu a 2000, aka rufe Napster a 2001. Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba: wasu manhajojin raba fayil irin su Kazaa, LimeWire da BitTorrent suka ɗora. Daga 2003 RIAA ta koma gurfanar da ɗaiɗaikun mutane, dubbai, amma cinikin waƙa a Amurka, wanda ya haura dalar Amurka biliyan 14 a 1999, ya zube da fiye da rabi cikin shekarun da suka biyo.

Kotu ba ta ceto kamfanonin faifai ba. Sauƙin saye ne ya yi. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003, waƙa ɗaya santi 99, sannan Spotify ya taso daga Suwidin a 2008 da tsarin saurare a biya duk wata. A hankali kuɗi suka dawo wa kamfanoni, ko da yake ƙananan mawaƙa na kukan cewa rabonsu bai taka kara ya karya ba.

Mu a nan ba ta intanet abin ya fara iso mu ba. Ta Bluetooth ya zo, waya zuwa waya, a fada, a tasha, a cikin motar Agadas. Daga baya Xender da WhatsApp suka karɓa. Kuma a faɗi gaskiya, kwafar kaset ta riga duk wannan, amma mai kwafa sai ya sayi kaset, ya jira ta juya. Fayil kuwa ba ya cin komai, ba ya ƙarewa.

Duk da haka ba zan ce asara ce zalla ba. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya naɗi kundinsa Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu cikin wayoyi har Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya, ya sa ta a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya nemo mai ita. Yau Mdou na kaɗa gita a manyan dandalin Turai da Amurka. Amma mutum nawa irin wannan ƙofa ta buɗe wa?

Sauran suna nan. Mawaƙi ya ci bashi ya biya situdiyo, waƙa ta game gari cikin kwana biyu, shi kuma ya zauna jiran gayyatar biki ko lokacin siyasa. Hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA tana Yamai, doka ma akwai ta, amma wa zai bi katin waya ɗaya bayan ɗaya? Maganin da ya yi wa Turawa aiki yana son katin banki da intanet mai arha, abin da yawancin masu sauraro a Ader, yankinmu na Tawa, ba su da shi. Abin da ke hannunsu shi ne tura kuɗi ta waya, kuma ina ganin ta nan ya kamata a fara karɓar wa mawaƙi haƙƙinsa, tun daga rumfar masu turi.

Makon jiya na ga wani matashin mawaƙi a rumfar nan. Da kansa ya kawo sabuwar waƙarsa, yana roƙon mai kwamfuta ya riƙa zuba wa mutane ita kyauta, ko Allah zai sa mai biki ya ji.