Tiyatar maciji da jinyarsa

Tiyatar maciji reshe ne na aikin likitan dabbobi da ya ƙunshi yi wa macijin da ya ji rauni fiɗa, da ɗinke shi, da jinyarsa har ya warke. A arewacin Kamaru da Chadi aikin likitan dabbobi ya fi karkata ga shanu da tumaki da awaki da raƙuma, saboda haka ba kasafai ake yin ta ba. Idan an yi, yawanci mesa ce: wadda aka ƙwato daga hannun masu shirin kashe ta, ko wadda wani yake kiwo a gida, ko ta gardi. Babban abin da ya raba wannan aiki da na akuya shi ne jikin maciji ba ya samar da ɗuminsa da kansa. Numfashinsa, da narkewar magani a jininsa, da haɗewar fatarsa, duk sun rataya a kan zafin wurin da aka ajiye shi.

Macizan yankin da raunukansu

Mesa iri biyu ce aka sani a wannan yanki. Akwai babba, wadda masana ke kira Python sebae, da kan kai mita 3 zuwa 4, wani lokaci ta zarce 5. Akwai kuma ƙarama, Python regius, mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda da wuya ta wuce mita 1.5, kuma ita ce aka fi kiwo a gidaje a Turai da Amurka. Dukansu ba su da dafi. Kasa da gamsheƙa da kububuwa kuwa sai ƙwararre: akan zura kan macijin cikin bututun roba mai garai-garai kafin a taɓa shi, domin barcin magani ba ya kawar da dafin da ke bakinsa.

Raunin da aka fi gani saran adda ne ko na fartanya, musamman idan an tarar da mesa a akurkin kaji. Sai ƙunar gobarar daji da rani, da shaƙewa a ragar masunta a bakin kogin Binuwai ko Logon, da takawar mota. Na gida kuma nasu daban ne. Ɓeran da aka jefa wa maciji da rai ya kwana da shi kan gwaguye masa gadon baya har ƙashi ya bayyana, macijin yana kwance bai kare kansa ba. Macen da ƙwai ya maƙale mata a ciki ita ma takan kai ga wuƙa. Macijin gardi da aka karya wa haƙora sau da yawa bakinsa ne ke ruɓewa.

Mugunyar maciji ba ruwa ba ce. Daskarewa take yi kamar dafaffiyar gwaiduwar ƙwai, don haka huda maruru a matse, yadda ake yi wa tunkiya, ba ya fitar da komai. Dole a yanka a ƙwaƙulo ta gaba ɗaya da jakar da ta kewaye ta.

Yadda jikinsa yake

Maciji ba shi da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Kayan cikinsa a jere suke ɗaya bayan ɗaya, dogaye sirara, kuma likita yakan auna wurin kowanne da tsawon jikin: zuciya na wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga kai, hanta na bin ta, ƙoda kuma can kusa da ƙarshe. Yawancin macizai huhun dama kaɗai ke musu aiki, amma mesa tana da biyu, na hagun ya fi gajarta. Gaɓoɓin ƙashin baya sukan kai 200 zuwa 400, kusan kowace da haƙarƙarinta. Karyewar haƙarƙari takan haɗe da kanta. Karyewar gadon baya ita ce matsala: idan wutsiya ba ta motsi kuma macijin ba ya iya bayan gida, likita yakan ba da shawarar a kashe shi da allura a hutar da shi.

Sa barci

An daɗe ana cewa a sa maciji a ƙanƙara ya sandare sannan a yanka. Wannan zalunci ne da kuskure a haɗe: sanyi yana hana shi motsi, ba ya hana shi jin zafi, kuma yana karya masa garkuwar jiki. Abin da ake yi shi ne a ɗumama shi tukuna, a ba shi ruwa idan ya bushe, a tabbatar cikinsa babu abinci, sannan a yi masa allurar barci irin su furofofol ko alfaksalon a jijiyar wutsiya. Ketamin shi ne ya fi samuwa a asibitocin dabbobi na karkara, sai dai macijin da aka ba shi da yawa kan yi kwana ɗaya ko fiye bai farfaɗo ba.

Ƙofar maƙogwaron maciji tana gaba-gaba a ƙasan baki, da an buɗe bakin ake ganinta, shi ya sa zura masa bututun numfashi ya fi na kare sauƙi. Ta nan ake ba shi iskar isofuluran mai sa barci. Da yake yana iya riƙe numfashi na dogon lokaci, kuma idan barci ya yi nisa yakan daina gaba ɗaya, mataimakin likita ne ke matsa masa jakar iska a hankali, kamar sau 4 zuwa 6 a minti. Barcin yana farawa daga kai ya gangara wutsiya, farkawa kuma ta faro daga wutsiya ta hauro. Saboda haka likita yakan mintsini wutsiya: idan ba ta janye ba, a ɗauki wuƙa.

Yanka da ɗinki

A ɗauki misalin mesa mai mita 2 da aka sara a haƙarƙari a wata unguwa ta Garwa, aka kawo ta cikin buhun masara. Raunin cike yake da ƙasa da gashin kaza. Za a miƙar da ita a kan tebur, a wanke raunin da ruwan gishirin asibiti har ya fita tas, a datse naman da ya mutu, a leƙa ko saran ya taɓa huhu. Idan raunin ya kwana biyu ya fara wari, ba a rufe shi nan take. Akan bar shi a buɗe ana wankewa kullum sai jan nama ya tsiro.

Idan ciki za a shiga, ba a tsaga faffaɗan ɓawon da maciji ke jan ciki a kai. Ana yanka ne a gefe, tsakanin layin farko da na biyu na ƙananan ɓawo, don kada ɗinkin ya riƙa gogar ƙasa. Fatar maciji tana da wata ɗabi'a: da an yanke ta sai bakinta ya naɗe ciki, ɓawo ya fuskanci ɓawo, kuma ɓawo ba ya haɗewa da ɗan'uwansa. Don haka ake yin ɗinkin da ke turo bakin fatar waje, ya yi tudu kamar haɗin jakar dukawa. Ba shi da kyan gani, amma shi ne ke kamawa.

Jinya

Yankan kan ɗauki sa'a ɗaya ko biyu, jinyar kuwa watanni, kuma a nan ne aka fi asarar macizai. Ana ajiye majinyacin a akwatin roba mai ramukan iska, a shimfiɗa masa takarda maimakon yashi ko ɗusa, a sa masa wurin ɓuya da ƙwaryar ruwa. Mesa na son zafin digiri 27 zuwa 32, gefe ɗaya na akwatin ya fi ɗaya ɗumi don ta zaɓa da kanta. Yanayin yankin yana cutarwa ta fuska biyu. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa da Injamena kan haura digiri 40, kuma akwatin da aka bari ƙarƙashin rufin kwano na iya kashe maciji cikin yini guda. A Disamba da Janairu kuma daren hunturu, balle a kan tudun Ngaundere, yakan tsayar da warkewa cak. Kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma aka jingina a wajen akwatin tana taimakawa idan an ɗauke wuta. A ciki ba a sa ta, domin maciji kan kwanta a kan abu mai zafi har ya ƙone bai matsa ba.

Magani yana daɗewa a jikinsa. Seftazidim, maganin ƙwayoyin cuta da aka saba ba macizai, sau ɗaya ake yin allurarsa duk kwana 3, kuma a naman rabin jiki na gaba. Ana ƙara meloksikam don zafi da kumburi. Abinci ba a gaggawarsa, mesa mai ƙiba tana iya yin watanni ba ta ci ba; idan lokaci ya yi, a ba ta ƙaramin ɓera matacce. Mai jinya ya riƙa wanke hannu da sabulu, saboda macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba.

Cibiyoyi da doka

A Garwa akwai makarantar horar da jami'an namun daji da aka buɗe a 1970, da gidan namun daji, da ɗakin binciken LANAVET a Bokle, wanda aka kafa a 1983 kuma aikinsa ya fi shafar rigakafin dabbobin kiwo. Jami'ar Ngaundere tana da makarantar likitocin dabbobi, Chadi kuma tana da cibiyar binciken dabbobi a unguwar Farsha a Injamena. Mesa na cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa wa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. A Kamaru dokar gandun daji da namun daji ta 1994, wadda aka sabunta a 2024, ta ɗora ajiye dabbar daji a gida kan izinin hukuma, don haka wanda ya ceci mesa ma'aikatan gandun daji ya kamata ya fara sanar wa.

Cire zare

Akuya akan cire mata zare bayan kamar mako 2, maciji kuwa sai mako 6 zuwa 8, kuma an fi so a jira ya yi saɓa. Idan saɓa ta gabato, idanunsa sukan yi fari-fari kamar an zuba musu madara, bayan 'yan kwanaki ya zare tsohuwar fatar, wani lokaci har da zaren. Ɓawon wurin tabon ba ya komawa layinsa na da, kuma a saɓa ta farko da ta biyu fatar kan maƙale a nan, musamman da bushewar hunturu. Sai a jiƙa macijin a ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 20, a murza wurin a hankali da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda aka ɗauko daga daji ba a mayar da shi sai ya yi saɓa cikakkiya, ya ci abinci da kansa, ya kuma yi bayan gida.